Karkataccen Ɗaurin Hoyt

Lahadi, 9 ga Oktoba

Yau an ci mini mutunci a taron ƙungiya, kuma da murmushi aka ci, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Royce Bledsoe, shugaban ƙungiyar mafarautanmu, ya miƙe bayan an gama cin abinci ya ce wai kamfanin inshora ya zo da sabuwar doka. Daga bana ba wanda zai hau bishiya a dajin ƙungiya da kujerar da aka ƙera a gida. Sai ta shago, mai tambarin kamfani, da ɗamarar tsaro a ƙirji. Yana magana yana kallon rufin ɗaki, kamar a can aka rubuta masa. Duk cikinmu wa ke da kujerar ƙirar gida? Ni kaɗai. Wadda mijina Hoyt ya yi mini waldarta da hannunsa. Bawan Allah ko shekara bai yi a ƙasa ba, har an fara taɓa kayansa.

Kuma sun san abin da suke yi. Al'adar ƙungiyar nan tun kafin a haifi Royce ita ce kowa da bishiyarsa, amma duk wanda safiyar buɗe farauta ta waye ba ya kan tasa, to sunanta ya shiga hula, a yi ƙuri'a. Ba ruwansu da ciwo, ba ruwansu da rasuwa. Tawa ita ce Bishiyar Mashaya, doguwar nan da ke kallon inda barewa ke sauka shan ruwa. Shekara goma sha biyar ina hawanta. Hoyt ne ya zaɓa mini ita. Ranar 19 ga Nuwamba za a buɗe.

Da aka tashi sai ga Royce ya biyo ni har mota, hularsa a hannu. "Mis Lorene, ai akwai ɗakin katakon nan na bakin fili. A ƙasa yake, ga kujera mai laushi, ga ɗan murhu. Ba hawa ba sauka." Na ce Royce, ni na share maka majina a ɗakin yara na coci, yau kai za ka ajiye ni a akwati kamar kaza mai kwanci? Ya yi ja wur har kunnuwa.

Dub Sizemore kuwa, mijin ƙanwarsa, yana jingine da a-kori-kurarsa yana sakace, wai shi ba ya ji. Kowa ya san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan bishiyar nan. Burodin masarar da na kai ma, shi ya cinye rabi.

Litinin, 10 ga Oktoba

Shekarata sittin da shida, ba ɗari da shida ba.

Laraba, 12 ga Oktoba

Na shiga rumfar Hoyt na ciro kujerar, na share mata ƙura. Ba tsatsa ko ɗigo.

Me ke cikin kujerar hawa da har sai kamfani ya sa mata albarka? Ɓangare biyu ne kacal, na zama a sama, na taka ƙafa a ƙasa. Kowanne yana da haƙoran da ke cizon bishiya ta gaba, da igiyar ƙarfe da ke zagayo ta ta baya, a soka ƙusa a ɗaya daga cikin ramukan da ke jere. Ka ɗaga na sama, ka zauna, ka jawo na ƙasa da ƙafafu, ka miƙe, ka sake. Haka dai kamar tsutsa har ka kai inda kake so. Shi ke nan fa.

Ta Hoyt tana da nauyi, na yarda. Amma shi yake goya ta. Kullum da asuba shi a gaba da ita a bayansa, ni ina biye da bindiga da filas ɗin kofi. Ya ɗaura mini a gindin bishiya, ya tsaya sai ya ga na kai sama, sannan ya wuce tasa. Kuma kullum a karkace yake ɗaura ta, hancinta sama kamar jirgi zai tashi. Mutumin da ko kalanda bai iya ratayawa daidai ba. Ni kuma kullum sai na yi masa tas cikin raɗa: Hoyt, idonka ne ya karkace ko hannunka? Ya ce, "Hau dai, Lorene." Ikon Allah, kujerar tana da kyan da ya fi ƙarfin ɗaurinsa, don ina kaiwa sama sai in ji ta daram kamar teburin kicin. Wannan ita ce ƙira. Ita ce suke cewa ba ta da tambari.

Asabar, 15 ga Oktoba

'Yata Carlene ta kai ni shagon kayan farauta na cikin gari. Ita ko tsani ba ta hawa sai ta yi addu'a, amma duk hanya tana karanta mini abin da mutanen intanet suka ce. Wannan tauraro biyar, wancan tauraro huɗu. Na ce su masu rabon taurarin nan, akwai wanda ya taɓa wuni a kan bishiya sanyi na cin kunnensa?

Uku ne a rataye masu ɗan dama-dama. Sunayensu duk ƙarya da cika baki, sai na raɗa musu nawa.

Akwai Jaki. Ƙarfe zalla, baƙi, nauyinsa kusan na kujerar Hoyt, wurin zaman ɗan soso a kan katako. Shi ne mai araha, dala ɗari da 'yan kai. Akwai Sauro, na alminiyam, da yatsa biyu na ɗaga shi. Ba sandar gaba da za ka dafa, wurin zaman kuwa raga ce kawai irin ta kamun kifi. Kuɗinsa ya ninka na Jaki sau uku. Wai rashin nauyin kake saye. Wato ƙarfen da suka rage, shi za ka biya.

Sai ta ukun, Kujerar Gwamna. Soso ta ko'ina, majingini har wuya, madafin hannu, sanda a gaba, har da wurin ajiye kofi. Wurin ajiye kofi! Farauta za a je ko kallon talabijin? Irinta Royce yake hawa, shi ya sa duk shekara barewa ke wucewa ta ƙarƙashinsa yana minshari.

Carlene ta nace sai Gwamna. "Mama, dubi sandar nan, ko kin yi gyangyaɗi ba za ki faɗo ba." Na ce ni ban taɓa gyangyaɗi a kan bishiya ba, kuma ba bana zan fara ba. Na ɗauki Jaki, don shi ya fi kama da abin da ɗan Adam ya ƙera. Mai shagon, wani yaro mai gemu kamar tsintsiya, ya ce in bai yi mini ba in dawo da shi. An haɗa mini da ɗamarar tsaro, igiyoyi birjik kamar za a kai maraƙi kasuwa.

Talata, 18 ga Oktoba

Na gwada Jaki a doguwar bishiyar bayan gida.

Wannan karon na ce za a yi abu yadda ya kamata. Na ɗauko ma'aunin magina na Hoyt, mai ɗigon ruwan nan a ciki, wanda bai taɓa amfani da shi ba a rayuwarsa, na yi ta gyara matakin ƙafa har ɗigon ya tsaya cak a tsakiya. Na ja da baya na kalla. Ban taɓa ganin kujerar hawa ta zauna da kyau haka a gindin bishiya ba. Har na ce a fili, ka gani ko, Hoyt?

Da farko lafiya, ban da ƙara, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Duk barewar da ke gundumar nan ta ji. Da na wuce rufin rumfa sai na ji yatsun ƙafata suna danna gaban takalmi. Na ƙara sama, abin ya ƙaru. Kafin in kai tsayin da nake zama a Mashaya, matakin ya sunkuya gaba kamar zai zubar da ni, wurin zaman ma haka, ina zamewa ina turo kaina baya. Na rungume bishiya. Ni, Lorene Tuggle, na rungume bishiya a bayan gidana, kare yana kallona.

Na sauko a hankali. Abin da ba zai iya riƙe kansa ba, wai shi zai riƙe mutum. Kuma wannan ne mai tambari.

Laraba, 19 ga Oktoba

Bayana ya ƙage. Soson Jaki bai kai kaurin yankan burodi ba.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Na mayar da Jaki. Mai gemu ya juya shi sama da ƙasa ya ce shi bai ga abin da ya same shi ba. Na ce ai ba a ƙasa za ka gani ba, hau. Ya ce, "Madam, to yaya kika ɗaura shi a gindin..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ɗana, tun kafin gemun nan ya tsiro maka nake hawa bishiya, kuma da ma'auni na daidaita shi, abin da na tabbata kai ba ka taɓa yi ba. Ya buɗe baki, ya kalli fuskata, ya rufe. Ya ba ni kuɗina. Da ma hakan ya fi masa.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Bayan sujada Dub ya tare ni a ƙofar coci, fara'a har kunne. "Mis Lorene, na ji an ce kina ta gwajin kujeru. Ki dai bi a hankali, ƙashi ba ya ɗoruwa da wuri a shekarunmu." Shekarunmu! Na girme shi da goma, kuma ni har yanzu in na duba ƙasa ina ganin takalmina. Sai ya ƙara da cewa wai in ƙuri'a ta ba shi Mashaya, zai riƙa kawo mini cinya. Na ce Dub, barewar ƙarshe da ka kashe, da mota ka buge ta. Matar fasto ta yi kamar tari ne ya sarƙe ta.

Wa ma ya gaya masa? Garin nan in ka yi atishawa a kicin, sai a ce maka sannu a gidan mai.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Mijin Carlene ya aro mini Sauro a wurin abokin aikinsa, don ni ba zan zuba wannan kuɗin a kan raga ba sai na gani da idona.

Gaskiya ɗaya, goyonsa da daɗi. Na zagaya gida da shi a baya kamar jakar makaranta. In zan yi tafiyar nan daga sansanin ƙungiya zuwa Mashaya ni kaɗai, ba mai goya mini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma shiru gare shi, ko kare bai ɗaga kai ba.

Sauran kuwa. Na daidaita shi da ma'auni kamar wancan. Ina yin sama ya fara sunkuyo, shi kuma ba sandar gaba, ba abin dafawa, daga kai sai sarari. Ragar tana yankar mini cinyoyi. Sai ƙafata ta dama ta zame. Ɗamarar ce ta fizge ni, na ji ta har haƙarƙari. Ban faɗo ba, amma hulata ta faɗo, na bi ta da kallo tana juyi, ta daɗe ba ta kai ƙasa ba.

Carlene tana tsaye a ƙasa, ban san ta iso ba. Da na sauko ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ɗauki hular ta kakkaɓe ta ce, "Mama, bana na binne Baba. Ba zan iya biyu ba." Na ce to in zauna a ɗaki in saƙa safa har in mutu a kujera, ya fi miki? Ta ce, "E. Ya fi mini." Ta ajiye hular a kan dakali ta shiga mota.

Ban kira ta ba. Ita ma ba ta kira ba.

Asabar, 29 ga Oktoba

Mai tsada da mai araha duk ɗaya suke, a ƙasa mutanen kirki, a sama maciya amana. Yanzu ba a ƙera abu, fenti ake sayarwa.

Inda ɗamarar ta fizge ni ya yi baƙi. Ba zan ce ba ta yi amfani ba, amma ba zan faɗa a gaban Royce ba.

Talata, 1 ga Nuwamba

Royce ya bar saƙo a waya, wai yana da Gwamna ta biyu a gareji, ta ɗansa da ya tafi soja, in ina so in gwada. Ban amsa ba. Na gwammace in hau da farce.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Na yanke shawara, kuma ba na jin kunya. Na sayo fenti ruwan ganye na shafe kujerar Hoyt tas. Tambarin da ke jikin kwalin ɗamara na ɓamɓaro na liƙa a ƙasan wurin zama. Da asuba, cikin duhu, wa zai haska tocila ya duba? Royce? Royce da ba ya iya kallon idona. Inshora ta zo ta hau bishiya ta kama ni.

Nauyin ne kawai matsala. Na gwada goya ta daga rumfa zuwa bakin titi, sai da na zauna a hanya ina mayar da numfashi. Ban taɓa sanin haka take ba. Hoyt bai taɓa cewa komai ba, ga shi da ciwon kafaɗa.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Fenti ya bushe, na kai ta bishiyar bayan gida don hannuna ya tuna. Na ɗaura ta daidai, karon farko a rayuwarta, ɗigon ruwa a tsakiya. Na fara hawa ina jin kamar na dawo gida. Kukan ƙarfenta ma na san shi.

Ta sunkuya. Ita ma.

Daidai inda Jaki ya fara, nan ta fara. Na tsaya ina jira ta miƙe kamar yadda ta saba, ina ce mata haba, haba. Na ƙara sama, ta ƙara sunkuyawa. Na sauko na zauna a ƙasa cikin busasshen ganye, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

To ba kujerun ba ne ke nan. Ni ce. Ko kunnena ne ya lalace irin na tsofaffin da ke ganin ɗaki yana juyawa, ko ƙafafu ne, ko tsoro ne ya shige ni tun da Hoyt ya tafi. Duk ɗaya ne. Dub ya ci.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Na ce mura.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Na kira Royce na ce ya sa Mashaya a hula, ba sai an jira ranar ba. Na ce kuma kar ya kuskura ya ambaci ɗakin katako. Sai ya ce, "Mis Lorene, ba na karɓar irin wannan magana a waya." Ji mini yaro. Dokar da ta kore ni a gaban jama'a ya karanta ta, amma sallamata ce ba ta karɓuwa a waya.

Na aika wa Carlene saƙo, na ce kin samu abin da kike so. Ta turo hoton zuciya. Na kife wayar.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Royce ya zo da hantsi, ba gayyata, da Gwamna a bayan mota. Na ce ɗauke abinka. Ya ce shi dai a bar shi ya ɗaura, in na kalla ban so ba, ya kwance ya tafi, kuma ya karɓi bishiyar. Na ce ɗaura, ni dai ba hawa zan yi ba. Na tsaya da kofi a hannu ina kallonsa ta ƙasan ido.

Ya zagaya igiyar. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bishiyar har ƙololuwa, sannan ya zare ƙusa ya matsar da ita gaba rami biyu. Ya saki. Hancin kujera ya kalli sama, kamar jirgi zai tashi.

Kofin ya kusa suɓuce mini. Na ce kai ma? Duk mazan garin nan ba mai ido ne? Ga ma'auni can a rumfa.

Ya juyo yana kallona kamar wani yare na yi. "Ma'auni kuma? Mis Lorene, ai bishiya sirancewa take yi in ana yin sama. Igiyar da ta kama ta tsam a gindi, can sama ta yi mata yawa, dole kujera ta sunkuya. Shi ya sa ake karkata ta tun daga ƙasa, in an kai sama ta zauna daidai. Ai kowa ya..." Sai ya tsaya. Ya cire hula. Ya ce, "Au. Ashe har ya tafi bai gaya miki ba."

Na ce bai gaya mini me ba?

Ya yi ta murza hular. Da ƙyar na tatso shi. Wai duk sansani an sani. Wai kowace shekara a bakin wuta sai an tsokani Hoyt, a ce yau ma ka sha faɗa a Mashaya? Ya ce ya sha. A ce to ka gaya mata dalili mana ka huta. Sai ya ce, "Ku ba ku san Lorene ba. Ranar da ta iya ɗaurawa da kanta, ranar za ta ce in daina raka ta." Wai har Dub ya sani. Dub!

Royce ya ce shi ya ɗauka tuntuni na gane, wasa ne kawai muke yi tsakaninmu. Ya ce da ya san yadda nake ɗaurawa da ya zo tun watan jiya, "don na rantse kin auna arziki." Na ce ya tafi. Ya tafi, ya bar kujerar a jikin bishiya.

Shekara goma sha biyar. Mazan ƙungiya kaf suna zaune suna dariya, ni ina ta baza ilimi a kan wanda bai iya rataya kalanda ba. Kuma ya bari na kusa karya wuya a bayan gidana, don bai ga damar buɗe baki ba kafin ya mutu. Da yana nan da na jefe shi da ma'aunin nan. Munafuki. Tsohon munafuki. Kuma gaskiya ya faɗa, da na ce ya daina raka ni, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Na hau Gwamnar da Royce ya ɗaura bayan an tashi daga coci, don kawai in tabbatar ƙarya ne.

Daram. Kamar teburin kicin.

Na daɗe a sama. Ana hango rufin coci daga can, da makabarta a bayansa. Na faɗa wa Hoyt abin da ke raina, ban rage komai ba.

Talata, 15 ga Nuwamba

In za a bi gaskiya, na zalunci Jaki. Kuɗinsa ya yi daidai da shi, in mutum kurma ne kuma bayansa na katako ne. Sauro na samari ne masu tafiya mai nisa, waɗanda ba su san suna da cinya ba tukuna. Gwamna ba ta kai Jaki nauyi ba, zan iya goya ta in na huta a hanya, kuma sandar gaban tana da amfani wajen ɗora bindiga, ba don wani abu ba. Wurin kofin har yanzu abin kunya ne. Na gwada, filas ɗina ya shiga daidai.

Na ce wa Royce saye zan yi, ba aro ba, kuma ya cire hannunsa daga hular nan. Ya ce shi da ma bai sa ba. Mai gemu kuwa ban koma shagonsa ba tukuna. Zan koma. Ba yau ba.

Kujerar Hoyt na mayar rumfa, na ɓamɓare tambarin ƙaryar.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Na kira Carlene na ce na fasa, zan hau jibi, kuma da kujerar da ta so tun farko, mai sanda. Ban ƙara komai a kai ba. Sai ta ce, "To zan zo in goya miki. Kuma zan tsaya a ƙasa sai kin kai." Na ce ba na buƙata. Ta ce, "Ban tambaye ki ba, Mama." Wannan bakin ban san inda ta gaje shi ba.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Sanyi har cikin haƙori. Sansani cike, ƙamshin kofi da soyayyen ƙwai. Dub ya hango Gwamna a bayan Carlene, cokalinsa ya tsaya a hanya. Na ce ci abincinka, Dub, bana ma sai dai mota.

Mun kama hanya cikin duhu, ita a gaba da kujera, ni ina biye da bindiga da filas. Tana tuntuɓe tana haki, amma ko sau ɗaya ba ta ce a tsaya ba.

A gindin Mashaya na haska sama na kalli yadda take sirancewa. Duk shekarun nan ban taɓa kallo ba. Na zagaya igiya, na matsar da ƙusa, na ja da baya, na ƙara matsarwa. Ba wanda ya san karkatar nan kamar ni, ai na daɗe ina yi mata faɗa.

Sai ga raɗa a bayana. "Mama! A karkace kika ɗaura fa. Dubi hancinta, sama yake kallo. Idonki ne ya karkace ko hannunki?" Muryata ce sak. Na buɗe baki zan yi mata bayani, yana nan a kan harshena, bishiya da igiya da komai. Sai na ji na ce, "Haska mini dai, Carlene."

Ta haska. Ta tsaya a ƙasa tana gunaguni har na kai, na zauna daram. Na daɗe ina kallon hasken tocilarta yana komawa cikin itatuwa.

Da gari ya waye Royce ya biyo ta hanyar mota, ya ɗaga kai ya gan ni, ya taɓa hula ya wuce. Bishiya tawa ce. Wani ɗan namijin barewa ya sauko shan ruwa da hantsi, ƙahonsa bai kai ya kawo ba, na bar shi ya girma. Ban yi gyangyaɗi ba. Ido kawai na rufe na ɗan lokaci, rana ce ta haske ni.

A hanyar gida Carlene ta ce Asabar mai zuwa ma za ta zo, wai in aka bar ni ni kaɗai Allah ne kaɗai ya san yadda zan ɗaura abin nan. Na ce oho, yadda kika gani.

Ban gaya mata ba. Ba wai ɓoyewa nake yi ba, ita ba hawa take yi ba, me za ta yi da sanin? Na ciro filas ɗin Hoyt daga saman kabad na wanke, don nawa ba ya isar mutum biyu.